Sharhi kan abincin gwangwani mai ƙarancin kitse da ake ba ƙananan karnuka bayan jinya

Abincin da wannan sharhi ya shafa shi ne wanda likitocin dabbobi ke rubuta wa kare bayan ya yi fama da ciwon ciki mai tsanani, musamman kumburin fankiriyas, wata gaɓa a ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci. Abincin gwangwani ne mai ƙarancin kitse da aka haɗa domin ya narke ba tare da ya wahalar da tumbi da hanji ba. Kamfanoni uku ne suka fi yin suna a wannan fanni. Royal Canin yana da Gastrointestinal Low Fat, Hill's yana da Prescription Diet i/d Low Fat, Purina kuwa yana da EN Gastroenteric Low Fat a cikin jerin abincinsa na Pro Plan Veterinary Diets. Na haɗa su a sharhi guda domin manufarsu ɗaya ce, kuma abin da ya bambanta su bai kai abin da ya haɗa su yawa ba. Na ciyar da karena da biyu daga cikinsu bayan an sallame shi daga asibitin dabbobi, shi kuwa ɗan ƙarami ne da nauyinsa bai wuce kilo 4 ba, kuma tun kafin ya kwanta ciwo an san shi da zaɓen abinci.

Hukuncina shi ne, wannan abinci yana cika alkawarin da aka rubuta a jikinsa, wato rage kitse ba tare da an tauye wa kare sauran abubuwan gina jiki ba, amma ba maganin rashin ci ba ne, kuma duk wanda ya saye shi da zaton kare zai ruga wa kwano da gudu to ya shirya ganin akasin haka.

Kafin a fahimci darajar wannan abinci sai an san dalilin da ya sa ake gudun kitse. Fankiriyas wata gaɓa ce siririya da ke kwance kusa da tumbi da farkon ƙaramin hanji, ita ce ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, ita ce kuma ke samar da sinadarin insulin. A ƙa'ida wannan ruwa ba ya fara aiki sai ya isa cikin hanji, amma idan gaɓar ta kumbura sai ya fara aiki tun yana cikinta, ya shiga cin naman gaɓar kanta da na abin da ke kewaye da ita. Shi ya sa ake ganin kare yana amai, yana ƙin abinci, cikinsa yana ciwo, wani lokaci har ya kwantar da ƙirjinsa ƙasa ya ɗaga ƙugunsa sama don ya sami sassauci. Kitse na cikin abubuwan da suka fi zaburar da fankiriyas ta yi aiki, yana kuma sa abinci ya daɗe a tumbi kafin ya wuce, abin da ke ƙara tashin zuciya. Wasu ƙananan nau'o'in karnuka, irin su Miniature Schnauzer da Yorkshire Terrier, sun fi saurin kamuwa da wannan ciwo, na farkon ma sananne ne da yawan maiƙo a jini ta hanyar gado. Ga kare mai kilo 3 ko 4, ɗan guntun fatar kaza ko yankan nama mai kitse da mutum zai raina ba ƙaramin abu ba ne idan aka gwada shi da abin da cikinsa ke ɗauka a yini.

A nan ne wannan abinci ya yi wa na kanti fintinkau, kuma ba za a gane haka ba sai an iya karanta rubutun da ke jikin gwangwani. Mai saye yakan ga an rubuta kitse kashi 5 cikin 100 a jikin wani abincin gwangwani na yau da kullum, ya ce ai wannan ma kaɗan ne. To amma kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin gwangwani ruwa ne. Idan ruwan ya kai kashi 78, abin da ya rage busasshe kashi 22 ne kawai, kuma idan aka raba 5 da 22 sai a tarar cewa kitsen ya doshi kashi 23 cikin 100 na ainihin abincin, wanda ya yi wa mai jinyar fankiriyas yawa ƙwarai. Abincin likita mai ƙarancin kitse kuwa yakan tsaya a wajen kashi 2 a jikin gwangwani, idan kuma aka cire ruwa bai cika kai kashi 10 ba. Likitoci sun fi son a auna giram nawa na kitse ke cikin kowace kalori 1,000 (kalori ita ce ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), domin wannan ma'auni shi ne ke ba da damar gwada busasshen abinci da na gwangwani ba tare da ruwa ya ruɗar da lissafi ba, kuma kamfanonin nan uku duk suna wallafa irin wannan adadi a littattafan da suke ba likitoci. Akwai wani abin lura kuma. A tsarin rubutun da ake bi a Amurka, adadin kitsen da ake sa wa a jikin abincin dabbobi mafi ƙarancin abin da ke ciki ne, ba iyakarsa ba, saboda haka abincin kanti na iya ɗauke da fiye da abin da aka rubuta ba tare da an karya doka ba. Wanda karensa ya taɓa kwanciya da wannan ciwo ba ya buƙatar irin wannan kintace, yana buƙatar adadin da zai dogara da shi daga gwangwani zuwa gwangwani, kuma a ganina wannan tabbaci shi ne ainihin abin da ake saye.

Ta fuskar narkewa ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Da karena ya zauna a kan abincin, kashinsa ya daidaita, kukan ciki ya ragu, amai bai dawo ba. Ba zan jingina wa abincin dukkan wannan nasara ba, domin yana shan magani a lokacin, kuma jiki da kansa yana warkewa, amma aƙalla abincin bai tayar da abin da ya kwanta ba, wanda shi ne aikin da aka ba shi.

Inda maganar take da tsawo shi ne batun ci. Kitse shi ne ke ɗauke da yawancin ƙamshi da daɗin abinci, kare kuma da hanci yake fara cin abinci kafin ya kai baki, domin ƙwayoyin ɗanɗano da ke harshensa wajen 1,700 ne kawai, alhali na mutum sun kai wajen 9,000. Idan aka zare kitse daga abinci, dole ƙamshinsa ya ragu komai ƙwarewar masu haɗa shi. Saboda haka an taru a wuri mai wuya, ga abincin da ba shi da ƙarfin ƙamshi, ga kare mai zaɓen abinci, ga kuma jikin da bai gama farfaɗowa ba. Abincin da muka fara da shi, karena ya sunsuna shi ya kawar da kai, ya lashe leɓe, ya bar wurin. Mutane da yawa a irin wannan hali sukan yanke hukunci nan take cewa abincin ba shi da daɗi ko kuma karen yanga yake yi, sai su sayo wani, shi ma a ƙi shi, su sayo na uku. Amma ruwa ba ya tsami banza. Karen da ya zo kusa da kwano da alamar yana so, sannan ya juya yana lasar leɓe, yana haɗiyar yawu ko yana dalala, ba yanga yake yi ba, zuciyarsa ce ke tashi. Karen da ke yanga yakan ƙi abin da ke kwano amma ya karɓi wani abu mai daɗi da murna, mai tashin zuciya kuwa ko ya karɓa da ƙyar yake haɗiyewa, sau da yawa ma ya ajiye shi ƙasa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci saboda wata ɗabi'a da karnuka suke da ita. Idan dabba ta ci wani abu ko ta shaƙi ƙamshinsa a lokacin da take jin tashin zuciya, ƙwaƙwalwarta takan haɗa wannan ƙamshi da ciwon, ta ci gaba da ƙyamarsa ko bayan ta warke. Ma'anar haka ita ce, duk abincin da aka yi ta tura wa kare a baki yana cikin tsananin ciwo, ana iya ɓata shi a wurinsa na tsawon lokaci, kuma wanda ya jera masa abinci uku a cikin mako guda yana iya wayar gari ya tarar ya ƙone su duka ukun, alhali su ne kaɗai ya halatta ya ci. Likitoci da dama saboda wannan dalili ba sa son a gabatar wa kare da abincin da zai daɗe a kansa tun yana kwance a asibiti. Abin da na gani a gida ya yi daidai da haka, domin abinci na biyu, wanda ba a nuna masa ba sai da zuciyarsa ta kwanta, ya karɓe shi ba tare da gardama ba, kuma ban yi imani cewa ya fi na farkon daɗi ba. Lokacin da aka kawo shi ne ya fi dacewa.

Don haka idan kare ya ƙi wannan abinci, matakin farko shi ne komawa wurin likita, ba kanti ba. Akwai maganin hana amai da ake kira maropitant, wanda kamfanin Zoetis ke sayarwa da sunan Cerenia, akwai kuma ondansetron da likitoci kan ƙara idan tashin zuciya ya ƙi lafawa. Akwai maganin ciwo, domin karen da cikinsa ke ciwo ba zai ci ba ko me aka ba shi. Idan an magance waɗannan biyun amma har yanzu ci bai dawo ba, akwai magungunan buɗe ciki, irin su capromorelin da ake sayarwa da sunan Entyce, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin karnuka a 2016, kuma yana aiki ne ta hanyar kwaikwayon sinadarin da ke sa jiki jin yunwa. Wasu likitoci kuma sukan ba da mirtazapine. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kamata mai kare ya saya da kansa ya bayar, musamman ga ƙaramin kare wanda kuskuren awo kaɗan ke iya zame masa babba. Ya kamata kuma a duba bakinsa, domin ciwon haƙori da na dasashi sun yi yawa ƙwarai a cikin ƙananan karnuka, kuma sau da yawa abin da ake kira zaɓen abinci haƙori ne ke ciwo.

Akwai shawarar da ake yawan ba masu karnuka masu yanga, cewa a ajiye abinci na mintuna 15 ko 20, idan kare bai ci ba a ɗauke, kada a ba shi komai sai lokacin ci na gaba, yunwa za ta koya masa hankali. Ga lafiyayyen kare wannan dabara tana aiki, kuma ni ma na koma gare ta daga baya. Amma a makonnin farko na farfaɗowa ba na ganin dacewarta. A da can likitoci kan hana mai kumburin fankiriyas abinci na kwanaki da sunan hutar da gaɓar, amma yanzu ra'ayi ya karkata ga a fara ciyarwa da wuri da zarar an shawo kan amai, domin hanjin da ya daɗe ba abinci bangonsa yakan yi rauni. Ƙari a kan haka, karnuka 'yan mitsi-mitsi, musamman 'yan kwikwiyo, sukarin jininsu kan faɗi da sauri idan suka daɗe ba su ci ba. Karen da ya fito daga jinya ya kwana ya yini bai ci komai ba, likita ya kamata ya ji labari, ba a zauna ana jiran ya gaji ya sauko ba.

Idan an kawar da tashin zuciya da ciwo, sai a zo kan yadda ake gabatar da abincin, kuma a nan na gwangwani yana da fa'idar da busasshe ba shi da ita. Ɗumama shi zuwa kusan ɗumin jikin kare, wato wajen digiri 38, yana tayar da ɗan ƙamshin da yake da shi, kuma bambancin da ke tsakanin wanda aka ciro daga firij da wanda aka ɗumama a bayyane yake. Sai dai idan an yi amfani da na'urar ɗumama abinci a juya shi sosai a taɓa da yatsa, domin takan bar wani wuri da zafi wani da sanyi, kuma kare da ya ƙone baki sau ɗaya ba ya mantawa. Ni na fi son zuba masa ɗan ruwan ɗumi a dama shi, domin hakan yana sassauta shi ya kuma ƙara wa kare ruwa a jiki. Yanayin abincin ma ya bambanta. Wasu a dunƙule suke, masu laushi da ɗan danƙo, wasu kuma gutsi-gutsi ne a cikin romo, kamar yadda Hill's ke da nau'i biyu na i/d Low Fat. Mai danƙon yakan manne a gindin kwano da kuma gashin baki, abin da ke damun karnuka masu gemu, shi ya sa na fi samun nasara idan na mulmula shi ƙanana na jera a faranti mai faɗi maimakon kwano mai zurfi. Ƙaramin kare mai rauni idan ya ga an tula masa abinci yakan ja da baya, amma loma uku ko huɗu a faranti yakan cinye, a ƙara masa.

Babban naƙasun wannan abinci ga ƙananan karnuka, wanda kuma ba laifin wani kamfani ba ne, shi ne yawan abin da ake buƙatar kare ya ci. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori wajen 9, na furotin ko sitaci kuwa wajen 4, saboda haka abincin da aka rage wa kitse ƙarfinsa ya ragu ke nan. Na gwangwani bai cika wuce kalori ɗaya a kowane giram ba. Likitoci suna da lissafin da suke yi na abin da jikin kare ke buƙata yana kwance ba ya komai, kuma ga kare mai kilo 4 yakan kama wajen kalori 200 a yini, ga mai kilo 2 kuwa wajen 120, sannan a ƙara a kai idan ya warware ya fara zirga-zirga. Wannan na nufin kare mai kilo 4 sai ya ci giram 200 ko fiye na abincin gwangwani kafin ya biya buƙatarsa ta kwance kawai, kuma wannan ba kaɗan ba ne ga cikin da bai fi dunƙulen hannu ba, balle mai shi yana ci ne da lallashi. Mafita ita ce a raba shi sau huɗu zuwa shida a yini. Ga karen da ya yi kwanaki bai ci ba kuwa, likitoci sukan fara da kashi ɗaya cikin uku na buƙatarsa a ranar farko, su ƙara a hankali har ya kai cikakke a cikin 'yan kwanaki. Ina ba da shawarar a mallaki ƙaramin sikelin kicin a riƙa auna abin da aka zuba da abin da ya rage, domin ido yana ruɗi, kuma mai kare da ke ganin karensa yana ɗan taɓa abinci yana iya zaton yana ci alhali rabin buƙatarsa ma bai samu ba. Shi ma karen a riƙa auna nauyinsa kowane mako. Idan mai kilo 4 ya rasa giram 200, ya rasa kashi 5 cikin 100 na jikinsa ke nan.

Girman gwangwani ma abin dubawa ne. Manyan sukan kai wajen giram 400, kuma a kwanakin farko da kare ke cin cokali biyu ko uku, mafi yawan abin da ke ciki lalacewa yake yi kafin a kai gare shi, tun da buɗaɗɗen gwangwani ba ya wuce 'yan kwanaki a firij, ƙamshinsa kuma tun kafin nan ya gushe. Ga abincin da ya fi na kanti tsada wannan asara ce. Akwai ƙananan gwangwanaye na giram 150 zuwa 200, su ne suka fi dacewa da ƙaramin kare idan an same su. Idan ba a samu ba, a juye abincin daga gwangwani tun ranar da aka buɗe, a raba shi a cikin farantin yin ƙanƙara a sa a firiza, a riƙa ciro na kowane ci ana narkarwa. Daskarewa takan ɗan canza laushinsa, amma da ruwan ɗumi yana komawa daidai.

Dukkan kamfanonin suna da busasshen nau'i na wannan abinci, kuma Royal Canin ya yi wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne musamman domin ƙananan karnuka. Busasshen ya ninka na gwangwani ƙarfi fiye da sau uku, ta yadda giram 60 ke iya ba da kalori 200, saboda haka da zarar ci ya dawo, haɗa su biyun yana warware matsalar yawa. Amma a farkon farfaɗowa na gwangwani ne kan gaba, saboda laushi da ƙamshi da ruwan da ke cikinsa. Duk wani sauyi daga abinci zuwa wani a yi shi a hankali a cikin kimanin mako guda, ana ƙara sabon ana rage tsohon, sai fa idan likita ya ce a yanke tsohon nan take saboda kitsensa.

Abin da ya fi rusa amfanin wannan abinci ba ya cikin gwangwani, yana hannun mutanen gida. Tausayi kan sa a ɗan barbaɗa cuku a kai, ko a zuba romon nama, ko a ɓoye ƙwayar magani a cikin wani abu mai maiƙo, kuma da wannan kaɗai an mayar da kitsen da aka sha wahala aka cire. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce duk wani ƙari kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wanda ga kare mai kilo 4 bai wuce kalori 20 zuwa 30 ba, kuma ko shi ɗin ya zama mara kitse, kamar ɗan dafaffen ƙirjin kaza da aka cire wa fata. Idan za a sa shi, a daka shi a gauraya da abincin sosai, in ba haka ba kare zai tsince naman ya bar saura, ya kuma koyi cewa ƙin ci yana jawo abu mafi daɗi. Ƙananan karnuka sun ƙware a wannan ciniki, kuma bayan jinya, lokacin da kowa a gida ke rawar jiki a kansu, darasin yakan zauna da sauri. Romon da aka dafa da albasa ko tafarnuwa haramun ne gare su ko da lafiyarsu ƙalau, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jini, haka ma inabi da zabibi da ke iya kashe ƙoda, da sinadarin zaƙi na xylitol da ake samu a wasu kayan ci. Ƙwayar magani kuwa, a mulmula ta a cikin wani abu dabam mara kitse a bayar nesa da lokacin ci, domin idan kare ya tauna ɗaci a cikin abincinsa sau ɗaya zai fara zarginsa.

Wani zai tambaya me ya hana a dafa masa kaza da shinkafa a huta, tun da yawancin karnuka sun fi son haka. Na 'yan kwanaki babu laifi, kuma likitoci da kansu sukan ba da wannan shawara. Matsalar tana tasowa ne idan kwanaki suka zama watanni, domin kaza da shinkafa ba su da isasshen sinadarin kalsiyam da wasu bitamin da ma'adanai. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nazarci tsarin girki 200 na abincin karnuka da aka samo daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla abu ɗaya da jiki ke buƙata. Wanda karensa ya ƙi duk abincin gwangwani yana iya komawa ga girkin gida, amma sai likitan da ya ƙware a fannin abincin dabbobi ya tsara masa shi da awo. Fifikon abincin da nake sharhi a kansa shi ne cikakke ne, baligin kare zai iya rayuwa a kansa shekara da shekaru.

Game da amincin kamfanonin, dukkansu tsofaffi ne a wannan sana'a. Abincin likita na Hill's ya samo asali ne daga wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Mark Morris, wanda a ƙarshen shekarun 1930 ya haɗa abinci na musamman domin karen da ke yi wa wani makaho jagora bayan ƙodarsa ta samu matsala. Royal Canin kuwa wani likitan dabbobi ɗan Faransa, Jean Cathary, ne ya kafa shi a 1968, yanzu yana ƙarƙashin kamfanin Mars, kamar yadda Purina ke ƙarƙashin Nestlé. Daɗewa ba ta hana kuskure ba. A watan Janairun 2019 Hill's ya janye wasu abincinsa na gwangwani na karnuka daga kasuwa, har da wasu na likita, saboda bitamin D da ya yi yawa a cikinsu, ya kuma faɗaɗa janyewar a watan Maris na shekarar. Wannan bai sa na guje wa irin wannan abinci ba, amma ya sa nake ajiye lambar rukunin da ke gindin gwangwani har sai an cinye shi, kuma idan karen da ya saba cin wani abinci ya ƙi sabon kwali farat ɗaya, ko ya fara yawan shan ruwa da fitsari, ba na ɗaukar abin a matsayin yanga.

Ba kowane kare da ya fito daga jinya ne wannan abinci ya dace da shi ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa a ƙasashe da dama ba a sayar da shi sai ta hannun likita. Ɗan kwikwiyo mai girma da karya mai ciki ko mai shayarwa suna buƙatar ƙarfin da ya fi wanda yake bayarwa. Karen da ya rame ƙwarai bayan tiyata ko wata doguwar cuta da ba ta shafi fankiriyas ba, abincin farfaɗowa mai yawan kitse da furotin ake ba shi, wato kishiyar wannan. Wanda hanjinsa ba ya jituwa da wani nau'in nama kuma yana buƙatar abincin da aka farfasa furotin ɗinsa. Mafi wuya shi ne tsohon kare da ya haɗa ciwon ƙoda da na fankiriyas, domin abincin ƙoda ana rage masa sinadarin fosfaras da furotin ne a cike gurbin da kitse, shi kuwa wannan an rage masa kitse an bar furotin, sai ya zama kowanne yana gyara gaɓa ɗaya yana takura wa ɗayar. A irin wannan hali likita ne zai duba sakamakon gwajin jini ya ga wace cuta ta fi barazana, ko ya tura a tsara girki na musamman.

Tsawon lokacin da kare zai zauna a kan abincin ma ya danganta da abin da ya kwantar da shi. Wanda ciwon ya same shi sau ɗaya bayan ya saci abu mai maiƙo, likita na iya mayar da shi a hankali kan abinci mai matsakaicin kitse bayan ya warware. Wanda ciwon ke dawo masa, ko wanda gwaji ya nuna maiƙon jininsa yana sama ko da an ɗebi jinin bayan ya yi sa'o'i 12 bai ci ba, kamar yadda ake yawan gani a Miniature Schnauzer, yawanci yakan zauna a kansa har ƙarshen rayuwarsa, kuma ga irin wannan kare yana da kyau a saba masa da nau'i biyu daga kamfanoni dabam-dabam tun yana lafiya, saboda ranar da ɗaya zai yanke a kasuwa ko aka canza haɗinsa.